Bel Ɗin da Manaja Ya Sayo

Haladu mai gyaran wuta ya gaji da faɗa wa manaja cewa motar ɗaga kaya ba don mutum aka yi ta ba. A kamfanin gurzar audugar da yake aiki a Funtua, duk ranar da ƙwan fitila ya mutu a rufin sito, sai a ce ya tsaya kan katakon jera kaya, mota ta ɗaga shi sama. Ya nemi a ƙera keji mai shinge, manajan, Alhaji Mati, ya ce sai bayan kaka.

Wata Talata yana can sama, hannunsa cikin wayoyi, aka kira Maiwada, direban motar, a waya. Garin laluben aljihu ya taɓa giyar motar. Motar ta zabura, katako ya karkace, Haladu ya faɗo kan siminti, dab da tulin auduga.

Ƙafar dama ta karye, ƙugu ya tsage. A asibiti masu dubiya sun fi ciwon ɓata masa rai. Surukarsa ta taso daga Dayi da mai ɗori, ta nace sai an kwance filasta. Maiwada ya yi ta kuka, har Haladu ya koma lallashinsa. Alhaji Mati ya kawo lemo, ya tambaya ko bai karya kumallo ba ranar, wai ƙila jiri ne.

"Alhaji, ba jiri ba ne. Mota ce ta tafi ta bar ni."

Sai da damina ta sauka ya koma aiki, yana dogara sanda. Manaja ya tare shi da fara'a, ya ja shi sito ya ga gyaran da aka yi. Sadiq, wanda ya riƙe masa aiki, yana sama kan wannan katakon, sanye da sabon bel mai igiya na hana faɗowa. Haladu ya bi igiyar da ido. A jikin katakon aka ɗaure ta.

Ya sa Maiwada ya sauke Sadiq a hankali, sannan ya bayyana cewa in katakon ya zame, tare da Sadiq za su faɗo, katakon ya danne shi.

"Malam Haladu, kai dai ba a iya maka," in ji manaja.

Haladu ya dogara sanda ya matsa gaba. Ya zare makullin motar, ya zauna kan dilar auduga, ya ce ba mai sake hawa sai da keji. Manaja ya yi faɗa, ya yi lallashi, lodi ya tsaya cak. Da la'asar aka aika a kira mai walda.