Farin Yadin Jibrin

Ni dai ba son Turanci ya kai ni ajin yaƙi da jahilci ba. Shekarar da soja ke shirin komawa bariki, 'yan siyasa suka cika mana unguwarmu ta Shahuci da takardu, na gaji da roƙon a karanta mini. Ɗinki ne sana'ata, amma kullum bayan la'asar sai in rufe shago in tafi ajin Malam Mikail. Shi ya nuna mana cewa Bature ba ya barin kalma ta zauna lafiya, sai ya liƙa mata wutsiya ta koma wani abu dabam. Na rubuta a littafina: pass away, rasuwa.

Wata Asabar da hantsi masinjan gidan waya ya kawo mini saƙo daga Inugu, inda ƙanena Jibrin yake bautar ƙasa. Abokinsa ne ya aiko. Da yake kaina ya fara girma, na ce yau ba mai karanta mini.

JIBRIN PASSED OUT FRIDAY. ARRIVING SUNDAY TRAIN.

Jibrin ya rasu ranar Juma'a, gawarsa na tafe a jirgin Lahadi! Har haushi ya kama ni, wane irin mutane ne za su ajiye gawar Musulmi kwana biyu? Na leƙa cikin gida, mahaifiyarmu da muke kira Gwaggo tana tsince shinkafa tana 'yar waƙarta. Jibrin autanta ne, ga ta da hawan jini.

Na koma shago, na yanki farin yadi na likkafani, na naɗe a hammata. Sannan na nufi gidan Malam Mikail a Goron Dutse, don ya raka ni mu gaya mata.

Ya karɓi takardar, ya duba, ya dube ni.

"Muttaka, karanta mini wutsiyar."

"Out."

"A littafinka fa?"

Na buɗe. "Away."

"To, su ɗaya ne? Away ce tafiyar da ba dawowa. Out kuwa, ko mutum ya suma, ko ya gama horo an yaye shi. Yaushe Jibrin ya tafi?"

"Daminar bara."

"Shekara ta cika ke nan. Ƙanenka ya gama bautar ƙasa, gobe da ƙafarsa zai sauko daga jirgi. Wannan ƙunshin na mene ne?"

Na zauna a dakalin ƙofar gidansa na fashe da kuka, gemu da komai, ina ta hamdala. Ban taɓa jin daɗin zama jahili irin na ranar ba.

Da na koma gida na ce wa Gwaggo auta na tafe gobe. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ai na sani, ina ƙirga watanni. Shinkafar wa kake gani nake tsincewa?"

Yadin kuwa an riga an yanka, ba ya komawa bandir. Na hau keken ɗinki na ɗinka wa Jibrin riga da wando, har da 'yar kwalliya a wuya. Da su ya je masallaci Juma'ar da ta biyo, yana ta yabon hannuna. Yau yana da jikoki, bai san don me aka yanki yadin nan ba.