Rasuwar Malam Jumare a Diobu

"Ka fito, Falalu! Mota ba za ta jira gardi mai koyon baƙaƙe ba!"

Barira ce tsaye a ƙofar ɗakin maƙwabcinsu Malam Jumare, da ƙunshin kaya a ka. Watan Oktoba ne na 1966. Tun da jiragen ƙasa suka fara sauko da gawawwaki da masu raunuka daga Arewa aka ce duk baƙo ya bar Fatakwal. Layin Hausawa na unguwar Diobu ya watse, samarin gari na ta jifan rufin kwano, ga motar ƙarshe za ta tashi daga tasha da azahar.

Mijin nata Falalu, mahauci ɗan shekara arba'in, yana durƙushe gefen tabarma yana ɗiga wa malamin ruwa a baki. Shekara biyu ke nan ta tsani tsohon nan. Kullum bayan la'asar sai mahauta su taru a ɗakinsa koyon boko, ba takardar shaida, ba ƙarin matsayi a kwata.

"Kai ka lalata min shi," ta ce wa majinyacin. "Me ka ba shi ya sha?"

Malam Jumare ya buɗe ido da ƙyar. "Ban taɓa kiransa ba, sarkin baki. Shi ya zo wai in faɗa masa abin da aka rubuta a allon ƙofar kwata. Na nuna masa harafi uku, na kore shi. Washegari ya dawo min da na huɗu."

"Da ka karanta masa kowa ya huta!"

"Da har yau ni nake karanta masa."

"To, ko ka tashi ko ka cika da wuri. Ba za a yanka mu saboda kai ba."

Falalu bai ɗago ba. "Ki tafi in kina so," ya ce.

Ba ta tafi ba. Ta dire ƙunshin, ta zauna a kai tana zage-zage. Ba ladanin da ya rage a unguwar. Da inuwar katanga ta gane azahar ta yi, mota ta tashi. Kafin la'asar Malam ya cika. Maza huɗu kacal suka yi masa sutura, suka dawo daga maƙabarta ɗayansu da rotsi a goshi.

Da safe suka zauna bakin titi jiran wata motar shanu da aka ce za ta koma Arewa ba kaya. Falalu ya ɗora takarda a gwiwa, yana rubuta wa ƙanwar Malam da ke Gombe labarin rasuwar, harafi bayan harafi, harshensa a waje.

"Wa ya sa ka kuma?" in ji Barira.

"Ba kowa."

Ta ja tsaki. Yayyafi ya soma sauka. Ta zaro murfin tukunya daga cikin kaya, ta riƙe shi saman takardar, fuskarta na kallon titi.