Ƙeyar Mato

Sagiru mai zanen barkwanci ne, mutumin Rano. Ya yi shekaru yana ƙara wa 'yan siyasa hanci da tumbi a jarida, har abin ya gundure shi. Sai ya dawo gida ya ɗora wa kansa aikin da babu wanda ya sa shi: yawo ƙauye-ƙauye da allo da manyan takardu, tsofaffi na ba da labarin zamanin da, shi kuma yana zanawa a gabansu. Daga baya ya kai zanen makarantu ya yi wa yara bayani. Ya je Madachi, ya je Dawaki, ya leƙa Kibiya. Wasu na cewa rashin aikin yi ne, amma duk inda ya kafa allonsa, su ne a sahun gaba.

A Rurum Sabon Gari ya tarar da wasu tsofaffi da aka taso daga wani ɗan ƙauye tun lokacin da ruwan dam ya cinye shi. Suka taru a inuwar darbejiya don a zana musu garinsu. Kowa na so a sa gidansa, kuma gidan kowa ya fi na maƙwabcinsa girma. Malam Gwadabe, wanda ya fi kowa baki, ya rantse rumbunsa uku ne. Aka yi masa caa, aka ce ɗaya ne, shi ma ɓera ya fi cin moriyarsa. Sagiru ya zana rumbun da ƙaton ɓera a kai, har da hula. Aka yi ta dariya ana share hawaye.

Iya Tani ce kaɗai ba ta dara ba, alhali ita ta fi kowa tuna garin. Ita ta gyara masa inda rijiya take, da tsamiyar bakin masallaci. Ta jero masa yaran dandali ɗaya bayan ɗaya, wannan mai wushirya, wancan mai faffaɗan kunne. Da taro ya watse, ta ƙi tashi.

"Ɗan nan," ta ce, "akwai sauran yaro ɗaya."

"To, Iya, wane ne?"

Ta ja mayafi ta kawar da kai. Malam Gwadabe, da ya tsaya naɗe tabarma, ya rage murya ya ce, "Ɗanta na fari take nufi, Mato. Ƙyanda ta ɗauke shi shekarar da za mu taso. Kabarinsa na can ƙarƙashin ruwa."

Sagiru ya gane. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ana yaye shi kuma kakarsa ke ɗaukarsa. Kunya ce, ana kuma yabon mai ita. Sai dai masu yabon ba su taɓa tambayar abin da za ta rage wa uwa ba idan yaron ya riga ta tafiya.

"Iya, aikina ba wuya," in ji Sagiru. "Faɗa min abu ɗaya da ya fi fitowa a fuskarsa. Hanci ne? Ido? Sauran ki bar min."

"Ban sani ba."

"Ko da kama ce. Da ke ya yi kama ko da babansa?"

"Wallahi ban sani ba, ɗan nan. In ya shigo sai in sunkuyar da kai, surukata na kallo. Ina cewa akwai lokaci. Yanzu in na rufe ido ina ganin fuskar 'ya'yan kowa, ban da tasa."

Sagiru ya dubi Malam Gwadabe. Mai rumbu ukun nan ya sosa kai. Ya ce yara ne da yawa, shekaru kuma sun yi nisa. Hoto babu, waɗanda suka raini yaron duk sun rasu. Tausayi ya kama Sagiru har ya fara tattara kayansa don kada ta ga idonsa.

"Amma in ya juya zai fita," in ji Iya Tani a hankali, "ina ɗagowa."

Daga nan magana ta ɓalle mata. Ƙeyarsa doguwa ce, da ɗan tukkun gashi a tsakiyar kai. Wuyansa siriri. Kunnen hagu ya fi na dama bajewa. Yana da tabon ƙuna a bayan ƙafa, inda kunu ya zubo masa. Kullum yana jan motar kara, kafaɗa ɗaya a karkace. Sagiru ya zauna yana zanawa, bai ƙara komai ba, bai rage ba. Yaro ya fito a takarda, ya ba da baya, yana shirin fita daga zaure.

Ta karɓa da hannu biyu, ta kawo kusa da idonta. Ta shafa ƙeyar da babban yatsa.

"Shi ne," ta ce, hawaye na bin kumatunta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo masa takardar. "Ɗan nan, tunda Allah ya ba ka hannu, juyo min da shi mana. Yau babu wanda nake jin kunyarsa."

Sagiru ya kafa sabuwar takarda a allo. Ya daɗe riƙe da alƙalami, bai ja ko layi ɗaya ba. Ita kuwa ta gyara zama, ta ɗaga kai tana jira.