Bugu Huɗu Na Auta

"Zaure ya cika! Wallahi har kan taga mutane suke zaune!"

Matar Tsawa ce ta faɗo ɗakin canza kaya tana haki, mayafinta ya zame zuwa kafaɗa. Shi kuwa yana zaune kan wani tsohon akwatin lasifika, jitar katako a cinyarsa, yana murɗa kunnen wayarta ta uku karo na goma.

"Ke dai akwai zuzuta abu. Mutum nawa ne?"

"Ƙirga su zan tsaya yi? Har mai gyaran fankan nan da ya ce kiɗanka ke sa masa ciwon kai, ga shi can a sahun gaba da sabuwar hula!"

Ya yi dariya, amma ya tura hannun damansa ƙarƙashin jitar. Rawa hannun yake yi.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a ƙungiyarsu ta mutum biyar, da jitar lantarki da lasifikoki masu girgiza tagogin maƙwabta. A can ya samo sunan Tsawa. A can kuma suke da wata kalma tasu: saiti. Kafin a hau dandamali sai wani ya ce, "A yi saiti." Baƙo zai ɗauka wayoyin jita za a ɗaure. Ina! Ƙwaya ce, bibbiyu, a kora da lemo. Wata takwas ke nan rabonsa da ita. Yau zai fara fuskantar jama'a da idonsa garau, ba ƙwaya, ba abokai, sai waƙoƙin da Innarsu ke yi a bakin bahon wanki.

"Kin ga Auta?"

Ta gyara mayafi. "Na aika masa. Inna ta ce tun safe ya fita."

Auta ƙaninsa ne, shi ne mai gangunan ƙungiyar. Yana ɗan shekara sha tara ya yi ƙorafin damatsansa na sagewa idan wasa ya yi tsawo, Tsawa da kansa ya buɗe masa tafin hannu ya ɗora masa ƙwayar farko. Da Tsawa ya daina, ƙungiya ta watse. Auta bai daina ba. Gangunan ma ɗaya bayan ɗaya ya kai su kasuwa.

* * *

Ƙarfe huɗu na yamma Tsawa ya fito kan dandamali. Tafi ya ɓarke kamar ruwa a kan kwano.

"Tsawa! A sakar mana wuta!" wani ya ƙwala daga tsakiya.

"Yau babu wuta, ɗan'uwa, an ɗauke!" in ji Tsawa.

Zaure ya kece da dariya. Ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Ya zauna kan kujera, ya jawo makirufo, ya jera yatsu a wuyan jita. Sai ya tsaya yana jira.

Bai ma san jira yake ba. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa fara waƙa da kansa ba. Auta ne ke haɗa sanduna sau huɗu, shi kuma ya faɗa a kan na biyar. Har ya waiwaya ta kafaɗar hagu, inda gangunan ke zama. Labule kawai ya gani.

Dariyar ta lafa. Wani ya yi tari. Fanka na ta juyawa a sama, ƙiii, ƙiii. Ya ce wa yatsunsa su motsa, suka ƙi. Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne, harshensa ya tuno ɗacin nan da ya sani, maƙogwaronsa ya haɗiyi abin da babu. Ƙwaya ɗaya tak, da tuni ya wuce wurin. Ya hango matarsa a gefe ta dafe ƙirji.

Sai daga can ƙarshen zaure, kusa da ƙofa, ƙarfe ya daki ƙarfe.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Hannunsa ya faɗa kan wayoyin kafin ya yi tunani. Murya ta fito, ba irin ta da mai tsaga kunne ba, wata ce can ƙasa, mai ɗumi. Waƙar uwa ce da ke wanke rigar ɗanta tana faɗa wa rigar abin da ta kasa faɗa masa. Kafin baiti na biyu wata tsohuwa ta kama amshi, mata suka ɗauka, maza suka bi da tafi. Mai gyaran fanka ya cire sabuwar hularsa yana kaɗawa. Waƙa tara ya yi, suka ce bai isa ba, ya ƙara biyu. Hannun ko gezau.

* * *

Da ya sauko suka yanyame shi. Wani ma'aikacin rediyo ya riƙe masa hannun riga yana neman lambarsa, mai zauren yana ta ihun a sake sati mai zuwa. Ya kutsa ta cikinsu, jita a sama, har bakin ƙofa.

Auta na jingine da wata kujerar ƙarfe, makulli a hannunsa. Rigar jikinsa ta Tsawa ce ta da, ta yi masa yawa kamar an rataye a ƙusa.

"Yaya, ka kashe wasa! Sai dai ka yi gaggawa a baiti na uku, halinka na nan."

"Kai, ɗan banza!" Ya rungume shi, ya ji ƙasusuwa. "Kai ka fitar da ni yau. Daga yanzu ƙafata ƙafarka, ko don bugu huɗun nan. Ashe hannun na nan daram! Inna ta ce ko kofi ba ka iya riƙewa."

"Ba ta yi ƙarya ba."

"To yaya aka yi ya fito tsaf haka?"

Auta ya yi murmushi, idanunsa jawur, suna lumshewa.

"Ai na san za ka jira ni, Yaya. Ba ka iya farawa ba. Shi ya sa na yi saiti kafin in taho. Huɗu na sha, don kar hannun ya ba ka kunya."

A bayansu jama'a na ta kiran Tsawa ya zo a ɗauki hoto. Bai waiwaya ba. Makullin yake kallo, wanda ya fara kaɗawa a hankali tsakanin yatsun ƙaninsa.