Agogon Malam Habu a Hannun Ramlatu

Ramlatu tana tankaɗe a tsakar gida, tana ta jan hannun riga tana rufe agogon kamar kayan sata. Ba nata ba ne. Likitocin Kano ne suka ɗaura wa mijinta, Malam Habu, bayan ciwon zuciya ya kayar da shi, suka ce daga can za su riƙa ganin bugun zuciyarsa yana gida a Zurgu. Sharaɗi ɗaya suka kafa masa: ban da gona.

Ban da gona, a tsakiyar damina. Ranar da ya fara ɗaukar fartanya, ko kunya uku bai nome ba waya ta yi ƙara, aka yi masa faɗa kamar yaro. Washegari ya kwance agogon ya miƙa mata.

"Ɗaura. Ke ai a zaune kike."

"Malam, kanka fa kake cuta."

"Su za su zo su nome min dawar? Ciyawa ta kusa shanye ta."

Yau kwana tara ke nan. Har daka ta daina, don kada agogo ya tona asiri. Kullum Afra'u, ma'aikaciyar jinyar da ke lura da shi daga Kano, sai ta bugo tana yabon Malam da jin magana. Jiya ma cewa ta yi likita ya rage masa ƙwaya ɗaya. Ramlatu ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, Malam ya zuba mata ido daga kan tabarma, sai ta ce an gode. Ta ji haushinsa, amma haushin kanta ya fi.

Gab da azahar ta ji amalanke ya tsaya a ƙofar gida. Mato, maƙwabcinsu a gona, ya yi sallama daga zaure, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ramlatu, sai haƙuri. A kife na same shi cikin dawa. Ban san tun yaushe ba."

Rariya ta suɓuce mata. Tana nan tsaye waya ta yi ƙara, ta ɗauka ba ta ma san ta ɗauka ba.

"Mama, Afra'u ce. Na ga zuciyar Baba ta yi sauri yanzun nan. Kada ki damu, ki ba shi ruwa, ki ce ya kwanta ya huta."

Ramlatu ta dubi mazan da ke shigowa da shi a naɗe cikin tabarma.

"To," ta ce. "Ya kwanta."