Fentin da Na Shafa wa Jirgin Kyaftin

Shekara ashirin da uku na yi a jiragen ruwan yaƙi kafin a turo ni, ni Saje Paillalef, makarantar tuƙin jirgin sama da ke bakin ruwan Talcahuano. Abu ɗaya na sani a aikin soja: in babba zai zo duba mu, duk abin da ba ya motsi a shafa masa fenti.

Kyaftin Ossandón ne ya kafa makarantar. Shekara shida yana naci kafin a ba shi jirage huɗu masu tashi daga kan ruwa, manya kuwa suna ta yi masa dariya wai ya bar igwa ya koma wasa da yadi da katako. Ƙarshe Admiral Larrondo, babban hafsan sojan ruwa, ya yanka masa sharaɗi. Zai ɓoye jirgin ruwan yaƙi ɗaya a bayan tsibirai ranar Talata. In Kyaftin ya tashi ya gano shi, ya dawo kafin ƙarfe sha biyu na rana, makaranta ta zauna. In ya kasa, a rufe.

Ranar Asabar Kyaftin ya tafi Concepción da makanikinsa Eleodoro ɗauko kayan inji. Na kalli babban jirgin, na ga yadin fukafukansa ya koɗe kamar tsohuwar riga, kunya ta kama ni. Na tara maza goma, muka ɗauko fentin jirgin ruwa mai kaurin nan, ruwan toka, muka shafe shi ciki da bai, har shafi biyu. Kai, ya yi kyau!

Talata da safe Eleodoro ya shigo rumfar jiragen, ya ɗora hannu a ka.

"Wane jakin ne ya yi wannan?"

"Jakin yana gabanka," na ce, "kuma ya girme ka. Iya bakinka."

"Saje, ka kashe mu! Nauyin ƙato guda ka ɗora masa. Wannan ba zai bar ruwa ba."

Sauran jiragen ukun na koyo ne, ba sa iya nisa, ga kwalekwalen Admiral har ya doso gaɓa.

Kyaftin ya shafa fiffiken, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya ce a fitar da anga da igiya, mai duba masa hanya ya zauna a ƙasa, man fetur kuma a bar rabin tanki.

"Yallaɓai, rabi ba zai dawo da kai ba," in ji Eleodoro.

"In iska ta yi mini mutunci, zai dawo." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, tsoho, wata shida ya rage ka ajiye aiki. Ba ka yi komai ba, ka ji?"

Ƙarfe goma ya ta da inji. Jirgin ya yi ta sheƙa gudu a kan ruwa, ya ƙi ɗagawa. Ya wuce inda ya saba tashi, ya miƙe ya nufi kwalekwalen masunta, masunta na ihu suna faɗawa ruwa. Na rufe ido. Da na buɗe, yana sama da ƙyar, ruwa na zuba daga cikinsa.

Muka tsaya a jere cikin rana, Admiral na zaune da agogo a tafin hannu. Sha ɗaya ta wuce. Da rabi. Ban taɓa tsanar kaina kamar a wannan tsayuwar ba.

Saura minti goma wani ya nuna sama. Ga shi can, amma babu ƙara, farfela a tsaye cak, mai ya ƙare. Ya yi ta zamowa a hankali har ya daki ruwa nesa da gaɓa. Ni na ja kwalekwalen da ya ɗauko shi, ban san ina da sauran ƙarfi haka ba.

Kyaftin ya miƙa wa Admiral takardar da ya rubuta inda ya gano jirgin, wandonsa na ɗiga. Admiral ya karanta.

"A nan na ɓoye shi. Makarantarka ta zauna." Ya miƙe. "Kuma yau ne na ga abin nan ya yi kama da kayan soja. A shafe sauran ukun haka, ɗalibai su tashi da su a faretin Juma'a."

Ɗaliban shida suna tsaye a bayana, ba wanda ya kai shekara ashirin da biyar.

"Yallaɓai," in ji Kyaftin, "fentin nan ya kusa kashe ni. Kuskure ne, kuma ni na ba da..."

Fuskar Admiral ta fara sauyawa. Na san abin da zai ce: mutumin da bai san nauyin jirginsa ba, shi za a ba makaranta? Ban san lokacin da na fito daga layi ba.

"Ƙarya yake yi, ranka ya daɗe! Yana Concepción. Ni na shafa, da hannun nan."

A ranar aka cire mini igiyoyina uku na saje a gaban mazan da na horar. Wata shidan da suka rage mini, da wuƙa a hannu na yi su, ina kankare fiffike a hankali don kada in yaga yadin.