Ƙwai a Bakin Karfasa

Tabkin Gidan Jima ba tsohon tabki ba ne, kada wani ya ruɗe ku. Shekarar da aka samu mulkin kai ne dutse ya zame da damina ya toshe bakin kwari, ruwa ya rasa hanya, ya yi zamansa bisa gonakin mutane ba sallama. Gonar Cima tana can ƙasa. In ruwa ya kwanta da hantsi, takan ce tana hango kunyoyinta a jere, har da wurin da marigayi mijinta yake ajiye gorar hura. Ba wanda ya taɓa ganinsu sai ita, ba kuma wanda ya yi mata gardama.

Bayan shekara biyu ma'aikatan daji suka zo daga Tawa da 'ya'yan karfasa cikin gangunan ƙarfe, suka juye a tabkin. Suka ce in lokacin haihuwar kifi ya yi, a bar shi ya huta wata biyu. Suka hau motarsu suka yi gaba. To, wa ya san lokacin haihuwar kifi a garin da kakanninsu gero kawai suka sani? Cima ce ta gano, don ita ta fara banda, ita ke fasa ciki tana wanke kai. Ashe karfasa a baki take goyo. Takan kwashe ƙwanta ta riƙe cikin maƙogwaro, ba ci, ba ta ko buɗe baki sosai, har su ƙyanƙyashe. Tun daga nan, kowace bazara, Maigari Alƙasim yakan sa a jera kifi bakwai a faifai, Cima ta duba. In ta ce babu, a ci gaba da kamu. In ta ce akwai, a ja ƙaya a mashigar tabki, ba mai jefa taru sai ruwan sama ya zauna.

'Ya'yanta maza biyu ne. Babban, Surajo, da ruwa ya cinye gonar, ya ce zai je Abijan ya dawo da ruwan farko. Ruwan farko ya zo sau biyar. Hoto ɗaya ya aiko, yana tsaye jikin keken da ko makaho ya san ba nasa ba ne. Saura Halidu, dogo, marar magana, wanda kifi ya riƙe mata shi a gida.

Ana jibi a duba kifi, Halidu yana gyaran taru a gindin itacen bedi ya ce, bai ɗago kai ba:

"Inna, in anka ja ƙaya bana, ni ba ni zama. Zan taka zuwa Madawa in yi dakon albasa. Da ruwan hwarko in dawo."

"Da ruwan mi?"

"Da ruwan hwarko, Inna."

Cima ta ji maganar ta shige ta har ƙafa. Tsoro ne ya kama ta, tsoro tsagwaronsa, irin wanda ke sa mutum ya manta abin da ya shiga ɗaki ɗaukowa.

Ranar dubawa zafi ya sauka tun da sassafe. Tabkin ya yi fari fat, sama da ruwa sun haɗe, har kwalekwalen Halidu ya zama kamar a iska yake tafiya. Balbelu sun yi tsaye a gefe ba motsi. Cima ta zauna a kan turmin da aka kifa mata, tana kallon ɗanta yana tahowa a hankali, yana tahowa, bai iso ba. Can ta ga kamar su biyu ne cikin jirgin, ɗaya na tuƙi ɗaya na zaune ya juya baya. Ta murza ido. Shi kaɗai ne.

Aka jera kifi bakwai. Maza suka kewaye ta, masu taru a gaba, kowa ya yi shiru kamar ba shi ne jiya yake cika baki ba. Maigari ya gyara rawani.

"To Gwaggo, bismilla. Duba muna."

Ta ɗauki na farko ta matsa kumatunsa. Namiji ne, ba komai. Na biyu ma haka. Na uku tun kafin ta buɗe ta sani, don ciki ya lafe, maƙogwaro ya kumbura. Ta sa babban yatsa ta buɗe. Ga su nan can ciki, rawaya, a cure kamar tsabar gero da aka jiƙa. Wasu har sun yi idanu, ɗigo biyu baƙaƙe, suna kallonta. Wayyo, ƙanana ƙwarai! Ta daɗe tana dubansu. Ta ji kamar ita ma ta shige cikin wannan ɗan ɗaki mai duhu da sanyi, inda kowa ke nan, ba wanda ya je ko'ina, ruwa na shiga yana fita a hankali. Hayaniyar duniya ta yi nisa. Da za a bar ta, da ta wuni a wurin.

"Gwaggo?" in ji Maigari.

Ta rufe bakin kifin da yatsa, ta kifa shi a faifai. Ta duba sauran huɗun, biyu a cikinsu da goyo. Ta goge hannu a zane.

"Babu," ta ce.

"Babu?"

"Na ce babu. Bana sun yi latti."

Kai, ku zo ku ga murna! Wani har da rawa, tsoho da shi, gemu na lilo. Maigari ya ɗan dube ta, ya dubi faifan, sa'an nan ya ce alhamdu lillahi, a ci gaba da kamu. Halidu ya tattara kifin bakwai ya kai mata gida da kansa.

Kifin da ke goyo ba ya gudu. Yana nan gefen ruwa cikin ciyawa, ya yi sanyi, taru na sauka a kansa. Ba a taɓa kamu irin na wannan bazara ba. Kwanduna suka cika, aka koma buhu. Fatake suka ji labari suka zo da jakuna daga Ibohaman da Tabotaki, har da wani mai kamyo, wato babbar motar kaya, daga Buza. Hayaƙin banda ya rufe garin, ya zauna bisa rufin ɗakuna bai tashi ba, mutane na yawo a cikinsa kamar masu tafiya cikin barci.

Kuma kada ku ce ba su gani ba. Sun gani sarai. Duk tarun da aka jawo, kifi na tofar da ƙwai, gindin kwalekwale ya yi rawaya, ƙafa na santsi a kai. Sai mutum ya ɗebo ruwa da ƙwarya ya watsa, ya kau da kai. Ai Cima ta ce babu. Wa ya fi Cima sani? Munafukai, har da masu tsayawa a ƙofarta su ce Allah ya ƙara mata gani.

Ita kuwa tana zaune bakin wutar banda tun safe har la'asar, tana wanke kawuna a kwatarniya. In ta gama, gindin ruwan duk ƙwai ne. Da fari takan ɗauka ta kai tabki ta juye cikin ciyawa, ko Allah zai sa wasu su rayu, alhali ta san ba uwa ba rai. Daga baya ƙafarta ta gaji, ta koma zubawa bayan danga, kaji na bi. Abin na cin ranta, ba ta ɓoye wa kanta ba. Amma in ta ɗaga kai ta hango Halidu tsakiyar farin ruwan, tsaye, yana jujjuya taru bisa kai kafin ya saki, sai zuciyarta ta kwanta. Yana nan. Yau ma yana nan. Ya fi kowa kamu, shi ke fara shiga shi ke ƙarshen fita, har ya rame.

Sati biyar aka yi haka. Sai taru ya fara dawowa da sauƙi. Jiya rabin kwando, yau kifi goma, gobe huɗu da kunkuru. Gefen ciyawar da a wannan lokaci yakan yi baƙi da 'ya'yan kifi, in ka taka su watse su sake haɗuwa, bana ruwa ne kawai. Cima ta je ta tsuguna ta daɗe tana dubawa, ba ta ga komai ba sai fuskarta.

Ranar kasuwar Ibohaman da safe, hadarin farko ya haɗo daga gabas, iska mai ƙanshin ƙasa ta fara kaɗawa. Cima ta fito da ƙwaryar hura ta tarar da Halidu ya sa rigarsa ta salla. Ya naɗe tarunsa ya rataye a rassan bedi. Ga ƙunshi a gefensa, ɗaure da igiya.

"Ina zuwa da rigar salla?"

Ya durƙusa a gabanta, kamar yadda yake yi in zai gaishe ta.

"Mai kamyon nan na Buza zai wuce Ƙonni yau. Daga can akwai mota har Abijan."

Ƙwaryar ta yi mata nauyi, ta ajiye a ƙasa.

"Ba Madawa ka ce ba? Ka ce in anka ja ƙaya. Ba a ja ba, Halidu. Ba a ja ba!"

"Da an ja, da Madawa ce iyakata, don ƙahwa ba ta kai ni gaba da nan. Yanzu na samu na mota." Ya dubi yatsun ƙafarta. "Kuma da an ja, da akwai abin da zan dawo in kama. Baɗi babu kihi cikin tabkin ga, Inna. Kin sani, na sani. Ni na kawo miki su bakwai ɗin gida."

Ta so ta ce don kai na yi, sai ta ga ya riga ya sani, kuma sanin bai hana shi ɗaure ƙunshi ba.

"Yaushe za ka dawo?" ta ce da ƙyar.

Halidu ya ɗauki ƙwaryar ya sha hurar sosai, ya share baki, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ba ni yi miki ƙarya, Inna. Ki sa mini albarka kawai."

Daga bakin hanya mai kamyo ya danna oda sau biyu. Cima ta ɗora hannunta mai ƙarnin kifi bisa kansa, ta sa masa.